Kada ka sa hannu a kan yaron da ba ka gani ba

Makon jiya wata mata ta kawo mini 'yarta mai shekara huɗu da rabi, tana rungume da fayil mai kauri. Wata takwas ke nan ana kai yarinyar wajen koyon magana, sau biyu a mako, babu fashi. Na buɗe fayil ɗin. Kowane shafi da rubutun mataimakiya tsaf: ranar kaza an gwada sauti kaza, yarinya ta maimaita kaza, ta kasa kaza. A ƙasan kowane shafi kuma ga sa hannun ƙwararren da aka ce shi ke kula da aikin. Na ce wa uwar, "Mama, yaushe rabon mai wannan sa hannun ya zauna da yarinyar nan?" Ta yi jim, sannan ta ce tun ranar farko bai ƙara ganinta ba, sai dai gaisuwa idan sun haɗu a baranda.

Na cire na'urar jin da ke kunnen yarinyar na saurara. Shiru. Bututun ya toshe da busasshiyar dauɗar kunne, robar da ke shiga kunnen kuma ta daɗe da yi mata kaɗan. Allah kaɗai ya san wata nawa aka yi ana koya wa yarinyar nan furta sautin da ko jin sa ba ta yi.

Wannan ba shi ne na farko ba, ba kuma na goma ba. Shi ya sa yau maganata da ku ce, 'yan'uwana masu aikin gyaran magana da masu auna ji, ku da aka ba ku mataimaka. Ku daina sa hannu a kan mutumin da ba ku gani ba. Wallahi abin ya ishe ni.

Kada wani ya ɗauka da mataimaka nake. Ko kusa. Mataimakiyar nan ta yi iya abin da aka koya mata, ta kuma yi shi da zuciya ɗaya. Babu wanda ya taɓa nuna mata cewa kafin a fara darasi ana sauraren na'urar, a duba batir, a leƙa bututu, a tsaya bayan yaro a furta masa sautuka shida na Ling, wato a, u, i, sh, s da m, a ga ko yana juyowa. Aikin minti uku ne. Wanda ya kamata ya koya mata, ya kuma tsaya ya ga ta iya, yana ofis yana rattaba hannu.

Kuma ba za mu iya aikin nan ba sai da su. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar kan ji a shekarar 2021, mutum sama da biliyan 1.5 ne ke da raunin ji a duniya, miliyan 430 daga cikinsu na buƙatar a taimaka musu, a ciki har da yara miliyan 34. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kashi 93 cikin ɗari ba su da ko masanin ji guda ɗaya ga mutum miliyan ɗaya, kuma kashi 17 ne kacal ke da mai gyaran magana ɗaya ko fiye ga mutum miliyan. Hukumar da kanta ta ce a raba aikin, a horar da wasu su ɗauki wani ɓangare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kowa ya yarda. Amma sharaɗin raba aikin shi ne horo da sa ido. In ka cire sa ido, abin da ya rage sunansa yasar da mara lafiya, ko da kuwa fayil ya cika da sa hannu.

Iyakar ba ɓoyayya ba ce. Mataimaki zai iya gudanar da darasin da kai ka tsara, ya rubuta abin da ya gani, ya shirya kayan aiki, ya yi gwajin tantancewa na farko idan an horar da shi, ya share na'urar ji ya canja batir. Ba aikinsa ba ne ya faɗi sunan cuta. Ba aikinsa ba ne ya fassara sakamakon gwaji ga iyaye, ko ya sauya tsarin da ka rubuta, ko ya sallami mara lafiya, ko ya bari a ɗauka shi ne ƙwararren. Duk wannan mun karanta shi, mun ci jarrabawa a kai. To, in wata biyar ba ka leƙa ɗakin ba, wa ka bar wa waɗannan ayyukan? Uwa za ta tambaya, mataimaki ne a gabanta, dole ya ba ta amsa. Yaro zai wuce matakin da ka rubuta, dole ya ƙirƙiro na gaba. Kai ka tura shi tsallake iyaka, sannan ranar da abu ya ɓaci ka ce ya wuce gona da iri.

Wanda ya fi tsaya mini a rai wani dattijo ne da ya samu shanyewar ɓarin jiki. An tsara masa darasin magana, aka miƙa wa wani saurayi mai ladabi da ƙwazo. Saurayin ya lura muryar dattijon na yin laushi kamar da ruwa a maƙogwaro bayan ya sha wani abu, ya rubuta a fayil har sau uku. Sau uku aka sa hannu a ƙasa. Babu wanda ya karanta. Iyalin suka tambayi saurayin ko su ci gaba da ba shi ruwa kamar yadda suka saba, ya ce tunda ba ya tari ai babu laifi. Bai san cewa a irin wannan ciwon ruwa na iya bi ta hanyar numfashi mutum bai ko yi tari ba. Mako biyu bayan haka aka kwantar da dattijon da ciwon huhu. Ya tashi, alhamdulillahi. Saurayin kuwa ya zo wajena idonsa ya yi ja, yana cewa, "Ranka ya daɗe, ni na kusa kashe Baba." Na ce masa ba kai ba ne, ɗana. Kai ka gani, ka rubuta. Maganar haɗiya ba a taɓa barin ta a hannun mataimaki. Wanda ya sa hannu sau uku bai karanta ba, shi ya kamata ya kasa barci.

Na san uzurin, don ni ma layi na jira na a ƙofa. Mutane sun yi yawa. Ga taro, ga rahoto, ga wani reshen da sai ka yi tafiya. Akwai kuma wanda zai ce, "Ai mataimakiyata ta shekara shida tare da ni, ta fi wasu masu digiri." Na yarda ta iya. Amma wanda ya daɗe yana aiki shi kaɗai, kuskurensa ma daɗewa yake yi har ya zama ɗabi'a, kuma shi ba zai gan shi ba. Na taɓa tsayawa bayan wani da ya yi shekaru yana gwajin ji ga 'yan makaranta. Duk sanda zai danna maɓalli sai ya ɗago kai ya kalli yaron. Yara kuwa ba wawaye ba ne, da sun ga ya ɗago sai su ɗaga hannu. Kowa ya ci gwaji. Yara nawa masu raunin ji suka wuce ta hannunsa da takardar "lafiya lau"? A takarda ba za ka taɓa ganin wannan ba. Sai ka shiga ɗakin. Gani ya kori ji.

Ƙungiyar masu wannan sana'a ta Amurka, ASHA, ta daɗe da rubuta ƙa'ida a kan haka. A tsarinta na 2013 ta ce a kwana 90 na farko na aikin mataimakin gyaran magana, a sa masa ido a kashi 30 cikin ɗari na lokacinsa, kashi 20 ido da ido yana tare da mara lafiya. Da ta sabunta a 2022 ta bar wa ƙwararre ya auna gwargwadon buƙata, amma ta ce kowane mara lafiya ya haɗu da ƙwararren da kansa aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30 zuwa 60, kada mutum ɗaya ya riƙe mataimaka na cikakken lokaci fiye da uku, kuma mara lafiyan da jikinsa ya yi rauni sosai ba a barin mataimaki shi kaɗai da shi ko na minti ɗaya. Kowace ƙasa da dokarta, ka nemi ta inda kake ka bi. Amma babu inda aka yarda da wata takwas.

A wajen jarirai kuwa, lokaci ba ya jira. Ƙa'idar da aka sani ita ce a tantance jin jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar da matsala kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Mataimaka ne ke yin yawancin gwajin farko, kuma suna yin sa da kyau. Amma idan jariri bai tsallake ba, aka ce wa uwa "ruwa ne kawai, zai wuce," aka rubuta, ka sa hannu, babu wanda ya bi sawu, sai dai ka gan shi yana shekara uku ba ya cewa komai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka babban da kunnensa ɗaya ya toshe farat ɗaya cikin kwana biyu ko uku: wannan na gaggawa ne, likitan kunne yake buƙata a ranar, domin maganin ya fi aiki a cikin mako biyun farko. Idan fayil ɗinsa ya kwana goma a kan teburinka yana jiran biro, ka cinye masa damarsa.

Ku kuma mataimaka, ƙannena da 'ya'yana, Allah ya saka muku. Ku ne ke durƙusawa a ƙasa da yaro mai in'ina har ya saki jiki, ku ne kuka san sunan kowa. Ina roƙonku abu ɗaya: kada kunya ta hana ku cewa "wannan ya fi ƙarfina." Idan uwa ta tambaye ku me ke damun ɗanta, ku ce bari a kira mai kula da mu. Idan an bar ku babu wanda za ku iya samu ko a waya, ku dakatar da aikin. Ba rashin biyayya ba ne.

Iyaye da masu jinya, kuna da haƙƙin ku san wa ke gabanku. Ku tambaya: ke ce ƙwararriyar ko mataimakiya? Wa ke kula da aikinki? Yaushe zai ga yarona? Mai aikin kirki ba zai ji haushin tambayar nan ba.

Ga abin da nake so daga gobe, a gurguje:

- Kai ne za ka fara ganin kowane sabon mara lafiya, kai za ka rubuta tsarinsa.
- Ka ware rana a mako ka zauna cikin darasi daga farko har ƙarshe, kana sauya rana da lokaci don ka riski kowa.
- Ka karanta kafin ka sa hannu. Idan babu lokacin karantawa, ajiye biron.
- Ka rubuta ranar da ka ga kowane mutum da idonka a bangon fayil ɗinsa. Wanda ya haura wata biyu, a kira shi.
- A saurari na'urar auna ji kowace safiya, a kai ta saiti duk shekara.
- Ruwa ko mugunya daga kunne, ciwo, jiri, toshewar kunne farat ɗaya, sarƙewa wajen ci ko sha: a neme ka nan take.
- Gyaran da za ka yi wa mataimaki, ka yi shi bayan mara lafiya ya fita.

Yarinyar nan mun wanke mata bututu, mun auna mata sabuwar roba. Da aka mayar da na'urar, na tsaya bayanta na ce "sh," ta waiwayo da sauri tana neman inda sautin ya fito. Uwar ta rufe fuska da mayafi. Na kira abokin aikin nawa mai sa hannu a fayil ɗinta a waya a daren, na faɗa masa abin da na gani ba tare da na rage komai ba. Ya ce zai zauna da mataimakiyar ranar Litinin su bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya. Na ce masa ni ma zan zo.