Ming (明)

Ming, wanda ake rubutawa 明, harafi ne na Sinanci mai ma'anar haske, kuma yana cikin haruffan da iyaye a ƙasar Sin suka fi sawa a sunayen 'ya'yansu, musamman maza. Ana rubuta shi da jan alƙalami sau 8. A hagunsa akwai alamar rana, 日, a damansa kuma alamar wata, 月. Sai dai a ƙamus ɗin Shuowen Jiezi, wanda Xu Shen ya wallafa wajajen shekara ta 100 Miladiyya, siffar da aka gabatar ita ce 朙, wato wata kusa da taga, kamar farin wata da ke ratsowa cikin ɗaki da dare.

Daga hasken ido ma'anar ta wuce zuwa hasken zuciya, shi ya sa harafin yake cikin kalmar 明白, fahimta, da 聪明, basira, har da 明天, wato gobe. Uban da ya zaɓe shi yana yi wa ɗansa fatan kaifin hankali ne da makoma mai kyau.

A Sinancin Mandarin ana furta shi míng, da karin sauti na biyu, inda murya ke tashi daga tsaka-tsaki zuwa sama. Bahaushe ya saba da karin sauti na sama da na ƙasa da mai faɗuwa, amma mai tashi a cikin gaɓa ɗaya baƙo ne a harshensa, don haka wajen yana buƙatar kulawa, domin idan muryar ta faɗi sai kalmar ta koma mìng, 命, mai nufin rai ko ƙaddara. Ko da an daidaita karin ma, haruffan 名, suna, da 鸣, kukan tsuntsu, duk míng ake furta su, abin da ya sa Basine yakan bayyana wane harafi ne na sunansa idan yana gabatar da kansa.

Da wannan harafi Zhu Yuanzhang ya raɗa wa daular da ya kafa suna a 1368, wadda ta yi mulki har 1644. Harafin ne kuma a sunan Yao Ming, ɗan wasan ƙwallon kwando da aka haifa a Shanghai a 1980. Mutanen Biyetnam suna cewa Minh, kamar a sunan tsohon shugabansu Ho Chi Minh, Japanawa kuwa sukan karanta shi mei, kamar a Meiji, sunan sarautar wani sarkinsu na da, ko Akira idan sunan mutum ne.