Na'urar busar da hannu a banɗakin jama'a

Na'urar busar da hannu inji ne mai aiki da lantarki da ake kafawa a bangon banɗakin ofisoshi, otal-otal, manyan kantuna da filayen jirgin sama, domin ta maye gurbin tawul da takardar goge hannu. George Clemens na Amurka ne ya fito da samfurin da ya yaɗu a duniya a 1948. Kamfanin Mitsubishi Electric na Japan ya kawo mai feso iska da ƙarfi a 1993, Dyson na Ingila kuma ya fitar da Airblade a 2006.

Iri biyu ne suka fi yawa. Ta dā tana hura iska mai ɗumi a hankali har ruwan ya ƙafe, abin da kan ci daƙiƙa 30 zuwa 45. Ta zamani ba ta jiran ruwa ya ƙafe, share shi take yi daga fata da ƙarfin iska cikin daƙiƙa 10 zuwa 15. Wannan bambanci ne ya kamata mai saye ya fara dubawa, domin mutane ƙalilan ne ke da haƙurin tsayawa rabin minti. Sauran sukan fita da danshi a hannu, jiƙaƙƙen hannu kuwa ya fi busasshe saurin ɗaukar ƙwayoyin cuta da yaɗa su.

Lissafin wuta ma yana goyon bayan ta zamani. Injin wat 2,300 da ya yi aiki daƙiƙa 35 ya sha wutar da ta kusa ninka ta injin wat 1,400 mai gamawa cikin daƙiƙa 12 sau biyar. Sai dai sauri yana zuwa da ƙara. Da yawa daga cikin masu ƙarfin iska suna haura desibel 80 a ma'aunin ƙara, kuma tayil ɗin bango yana mayar da amo. Idan banɗakin yana jikin aji, ɗakin taro ko ɗakin marasa lafiya, gara a nemi wadda ake iya rage mata gudu.

A cikin na'urar akwai injin juya fanka, wayar ɗumama iska, da idon da ke gane an miƙo hannu. Injin da ke da burushin gawayi ya fi araha, amma burushin yana cinyewa, sai a canza shi. Marar burushi ya fi tsada, ya kuma fi daɗewa, shi ya sa ya dace da wurin da ƙafa ba ta ɗaukewa. Wasu suna da matatar HEPA mai tare kashi 99.97 cikin ɗari na ƙura mai girman maikiron 0.3 (maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita). Idan aka bar matatar ta toshe, iska takan ragu, injin ya yi zafi ya riƙa katsewa. Gangar jiki ta ƙarfe marar tsatsa ta fi ta roba jure duka da wasan yara.

Yawancin matsaloli daga wurin kafawa suke tasowa. Idan aka ɗora na'urar daf da saman tebur mai sheƙi, idon yakan ga hasken da ya dawo, sai ta riƙa tashi ba kowa a gabanta. Idan ta yi nisa da wurin wanke hannu, ruwa zai yi ta ɗiga a ƙasa har wani ya zame. Irin wadda ake zura hannu a ciki, wasu suna da ƙaramin tanki da ke tara ruwa, wanda in ba a zubar an wanke ba sai ya yi wari. Kowace na'ura tana son layin wutarta na kanta, kuma a saba ana ware ɗaya ga wurin wanke hannu biyu ko uku. A Amurka, dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman ta hana abin da ke jikin bango a kan hanyar wucewa ya turo fiye da inci 4, domin kada makaho ya yi karo da shi.

Batun tsabta har yanzu ana jayayya a kansa. Wasu binciken sun nuna cewa iska mai ƙarfi tana watsa ɗigon ruwa da ƙwayoyin cuta nesa fiye da takarda, amma masu yin takarda da masu ƙera injin duk sun sha ɗaukar nauyin irin waɗannan binciken. Saboda haka asibitoci da dama suka tsaya kan takarda a wuraren jinya, suka bar na'urar ga banɗakin baƙi.