Lokacin cire gudan jini daga ƙwaƙwalwa ta bututu

Tiromboktomi aiki ne da likitoci ke yi ma wanda shanyewar ɓarin jiki mai tsanani ta kama, irin wadda gudan jini ya toshe babbar jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa. A nan Maradi ma'aikatan lahiya AVC suke ce ma ciwon. Iri biyu ne, ko jijiya ta toshe ko ta fashe jini ya zuba, kuma na toshewa shi ya fi yawa, wajen kashi 85 cikin 100. Wannan aikin na masu toshewa ne kawai.

Ba buɗe kai ake ba. Ana huda jijiyar gindin cinya ko ta wuyan hannu, a zura siririn bututu ana kallon hoto a allo har ya kai inda gudan yake, sai a kamo shi da wata 'yar raga ta ƙarfe ko a zuƙe shi, wani lokaci a haɗa duka biyun. Aikin kansa sau da yawa bai kai awa ɗaya zuwa biyu ba, duk rigimar tana wajen isowa kan lokaci.

Me ya sa lokaci

In jijiya ta toshe ba duka wurin ke mutuwa nan take ba. Akwai tsakiya wadda ke lalacewa cikin mintoci, ita kam ba ta dawowa, sai kewayenta da ya daina aiki amma bai mutu ba don yana ɗan samun jini ta ƙananan jijiyoyin gefe. Kamar lambu ne a bakin gulbi da babbar hanyar ruwa ta toshe, wasu fangali sun ƙone wasu sun yi yaushi kawai suna shan ɗan abin da ke tsiyayowa daga maƙwabta, to masu yaushin nan ake gudun cetowa. Wani likitan Amurka Jeffrey Saver ya yi lissafi a 2006 cewa a irin wannan toshewa ana asarar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa wajen miliyan 1.9 a kowane minti. Amma fa matsakaici ne, wani jijiyoyinsa na gefe masu kyau ne yana iya kai awa goma sha da sauran abin ceto, wani kuma cikin awa biyu ko uku komi ya riga ya tahi, kuma ba ka gane wane ne wane da ido sai an yi hoto.

Daga ina ake ƙirga awa

Nan ne dangi ke yawan kuskure. Ba daga lokacin da anka tsinci mutum a kwance ake ƙirgawa ba, daga lokacin ƙarshe da anka gan shi lahiya lau ne. Tsoho ya yi sallar isha'i ya kwanta ƙarfe tara, da asuba anka tarar baki ya karkace hannu ba ya ɗaguwa, to lissafin likita daga ƙarfe tara na dare zai fara, awa takwas kenan ta wuce tun kafin a nemo mota. Da can irin waɗannan masu farkawa da ciwon ba a yi masu komi don an ɗauka lokaci ya ƙure.

Yadda iyakar ta faɗaɗa

Kafin bututu akwai allurar narka gudan jini, alteplase, wadda anka amince da ita cikin awa 3 bayan binciken 1995, daga baya a 2008 anka kai ta awa 4 da rabi. Matsalarta ba ta cika narka babban guda ba. Shi kuma bututun farkonsa bai yi armashi ba, a 2013 bincike uku sun fito ba su nuna ya fi allura ba, mutane har sun fara yanke ƙauna, alhali yawanci tsoffin kayan aiki anka yi da su kuma ba kowane maras lahiya anka tabbatar babbar jijiya ce ta toshe masa ba. Sai binciken MR CLEAN na ƙasar Holan mai mutum 500 ya nuna amfani ƙarara in an fara cikin awa 6, wasu huɗu sunka biyo shi a 2015. Da anka haɗa biyar ɗin a 2016, mutum 1287, sai anka ga kashi 46 na waɗanda anka yi ma aikin suna iya hidimar kansu bayan wata uku, waɗanda ba a yi ma ba kashi 26 da ɗan wani abu. Kuma a cikin waɗannan alƙaluman amfanin yana raguwa awa bayan awa, har ya kusan ɓacewa bayan awa 7 da 'yan mintoci.

A 2018 aka samu babban canji. Wani bincike mai suna DAWN ya ɗauki mutanen da sunka kai awa 6 zuwa 24, wani mai suna DEFUSE 3 kuma awa 6 zuwa 16, amma ba kowa ba, sai wanda hoton sikana ko IRM (hoton cikin jiki da ake ɗauka da maganaɗisu) ya nuna wurin da ya mutu ƙarami ne kuma abin ceto da yawa. A DAWN kashi 49 na waɗanda anka yi ma aikin sun koma riƙe kansu, waɗanda ba a yi ma ba kashi 13 kacal. Daga nan ne maganar "awa 24" ta bazu, kuma a ganina ita ce maganar da anka fi yi ma mummunar fahimta, don mutanen nan zaɓaɓɓu ne, masu sa'ar jijiyoyin gefe, waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta yi saurin lalacewa tun a wajen hoto anka cire su. Awa 24 iyakar da likita zai iya dubawa ce ko akwai sauran dama, ba izinin a bari sai gobe ba.

Daga 2022 zuwa 2023 bincike a Japan, Sin, Amurka da Turai sun nuna ko wanda ɓarnar ta riga ta yi faɗi yana iya amfana, duk da dai da yawansu ba sa komawa yadda suke. A 2022 ɗin kuma bincike biyu na Sin, ATTENTION da BAOCHE, sun tabbatar da aikin a jijiyar ƙeya mai ciyar da tushen ƙwaƙwalwa, ɗaya cikin awa 12 ɗaya har 24. Ƙananan jijiyoyi na can ciki kuwa binciken 2025 bai nuna riba ba.

A cikin asibiti ma akwai agogo, manyan cibiyoyi suna son daga shigowa ƙofa zuwa fara aikin kar ya wuce minti 90. In mutum ya iso cikin awa 4 da rabi kuma ya cancanci allura ana yi masa, amma ba a zama jiran a ga ko ta yi aiki, a wuce da shi ɗakin bututu kai tsaye. Haɗari akwai, jini na iya zuba a kai, jijiya na iya yagewa, gudan na iya ɓallewa ya toshe gaba.

Halin da muke ciki

Aikin yana buƙatar sikana mai nuna jijiyoyi, ɗakin hoto na musamman da ƙwararren da ke nan dare da rana, kuma irin waɗannan wurare ƙalilan ne a Afirka ta Yamma gaba ɗaya. Daga Maradi zuwa Yamai ya haura kilomita 600, balle wanda ya taso daga ƙauyukan Dakoro ko Mayahi a kan amalanke kafin ya samu kwalta. Ga kuma jinkirin gida, a ce iska ce ta buge shi, a yi hayaƙi a yi tofi a jira gari ya waye. Addu'a ba ta hana tahiya, a mota ma ana yin ta. Abin da ke hannun dangi shi ne in baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta saki, magana ta sarƙe, a riƙe ƙarfe nawa anka gan shi lahiya, a ɗauki magungunan da yake sha musamman na tansiyo da na tsinka jini, wanda ya ga abin da ya faru ya bi su asibiti. Kar a ɗura masa ruwa ko kunu don yana iya shaƙewa, kar kuma a ba shi asfirin kafin hoto, in fashewa ce ƙara zubar jinin zai yi.