Cire ƙotar bindiga mai shimfiɗar gam don gyaran kunama

A bindigogin farauta da na gasar harbi masu sakata (ƙarfen da ke tura harsashi ya kulle shi a ciki), ana zuba gam ɗin efoksi a cikin ƙota, a kwantar da ƙarfen bindigar a kai har gam ya bushe ya ɗauki siffarsa daidai. Amfanin wannan shimfiɗa shi ne ƙarfe ya riƙa komawa mazauni ɗaya bayan kowane harbi, harsasai su faɗa kusa da juna. Maƙeran Amurka suna yawan amfani da gam mai suna Acraglas ko Devcon, wasu kuma su ƙara gajerun bututun alminiyam inda sukurori ke bi, don kada itace ya lotsa.

Sai dai a bindigogi da dama ba a kai wa ga kunama sai an raba ƙarfe da ƙota. Remington 700, wadda ta fito a 1962, misali ce: tsohuwar kunamarta, ƙirar Mike Walker, tana da sukurori uku ɓoye cikin ƙota, ɗaya na nauyin ja, ɗaya na zurfin kamun maƙalli (ƙarfen da ke riƙe allurar harbi har a ja kunama), ɗaya na iyakar tafiyar kunama bayan ta saki.

Kafin komai ana tabbatar da babu harsashi, a zare sakata. Sannan a kwance sukurorin da ke riƙe da ƙarfen, a lura da na gaba da na baya domin tsawonsu ba ɗaya ba ne. Wurin da ake ɓarna shi ne ɗagowa. A ƙarƙashin bututun bindigar akwai wani haƙorin ƙarfe da ke tare naushin baya, yana zaune cikin ramin gam cif-cif. Dole a ɗaga ƙarfen a miƙe, sannu a hankali. Wanda ya yi ta girgiza shi zai kankare gefen ramin, kuma ɓarɓashin da ya faɗa ciki, ko kamar ƙwayar gero ne, ya isa ya hana ƙarfe zama. Shi ya sa gwanaye ke manna tef a gaba da gefuna da ƙasan haƙorin tun lokacin zuba gam, bayansa kaɗai ya taɓa.

Wajen mayarwa, a share ramin tas, kada mai ya taɓa shimfiɗar. A ɗaura sukurori sama-sama, a tsayar da bindigar kan gindinta don haƙorin ya jingina da bangon baya, sannan a ƙarasa ɗauri da sifana mai awo, na gaba kafin na baya. Ƙota mai alminiyam a ciki takan ɗauki inci-fam 65 na ƙarfin ɗauri, ta itace zalla kuwa ƙasa da haka sosai. Bayan nan sai an je fili an duba saiti.

Gyaran kunamar kansa ba wurin kasada ba ne. Idan kamun maƙalli ya yi kaɗan, bindiga na iya tashi ba a taɓa ta ba. A 2014 Remington ya janye kunamar X-Mark Pro da aka ƙera daga 2006 saboda haɗarin tashi da kanta. Don haka ana gwadawa babu harsashi: a rufe sakata da ƙarfi, a buga gindi a ƙasa, a sa makullin kariya a ja kunama sannan a cire shi. In ta saki ko sau ɗaya, a kai wa maƙerin bindiga.