Ciyawar teku ga masu cin ɗanyen ganye zalla: me take ƙara musu?

Akwai mutane, galibi a Amurka da Turai, da ba sa cin nama ko kifi ko ƙwai ko madara, kuma ganyen ma ba sa ɗora shi a wuta, duk abin da zafinsa ya wuce digiri 48 a ma'aunin Selshiyas sun ce ya dahu. Da wuya ka leƙa kicin ɗinsu ba ka ga ledar ciyawar teku ba.

Wai mece ce ita ɗin?

Dangin gansakuka ce amma ta ruwan gishiri, mutanen Japan da Koriya sun daɗe suna cin ta. Akwai nori, baƙin nan mai kama da takarda da ake naɗe sushi, wato shinkafar Japanawa, da shi, akwai wakame, sai kombu mai kauri kamar fata.

Me ya sa suka damu da ita haka?

Aidin ne. Babban mutum yana buƙatar maikrogiram 150 a rana, in ya rasa na tsawon lokaci maƙoƙo ke fitowa a wuya. Mu muna samu a gishirin da aka sa wa aidin, su kuwa da yawansu sun bar wannan gishirin, ga ba kifi ga ba madara, kayan lambu kuma ɗan abin da ke cikinsu bai taka kara ya karya ba. Sannan ga ɗanɗano, a cikin kombu wani masanin kimiyya ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya gano sinadarin da ya zama Ajinomoto a 1908, wato farin magin nan namu asalinsa daga can ne. Ka jiƙa wakame minti biyar ka ga ta kumbura ta cika kwano, ka yanka kokwamba a kai ka matsa lemon tsami, kwaɗo ya haɗu.

Da gaske ɗanya ce?

Nan fa ake yin ta. Yawancin norin kanti gasasshe ne, wakame ma galibi sai an tsoma ta a tafasasshen ruwa kafin a busar, dole mutum ya karanta jikin leda.

Yawanta na cutarwa?

Sosai ma. Guntun kombu kaɗan zai iya wuce maikrogiram 1,100 da Amurka ta sa a matsayin iyaka a rana, kuma aidin in ya yi yawa shi ma yana rikita maƙoshi. Wata irin ciyawar kuma da ake kira hijiki, tun 2004 hukumar abinci ta Birtaniya ta ce a guje ta saboda gubar arsenik. Ni dai a ganina kamar daddawa take, ɗan kaɗan ake sakawa.

To bitamin B12 da ake samu a nama fa, ciyawar tana maye gurbin naman?

A'a. Nori na da ɗan kaɗan amma ba abin dogaro ba ne. Sufirulina, wata irin gansakuka da ake ta tallatawa, wadda matan Kanembu a Chadi suke kwasa daga tafkunan kanwa su shanya a kan yashi suna kiranta dihe, ita ba ma ta teku ba ce, kuma mafi yawan B12 ɗinta irin wanda jiki ba ya iya amfani da shi ne. Wannan kam sai ƙwayar bitamin.