Haɗuwa da Kifin Shak a Lokacin Iyon Bututu

Iyon bututu ninƙaya ce da ake yi a saman ruwa, fuska a kife, mutum sanye da gilashin da ya rufe ido da hanci, yana shaƙar iska ta wani gajeren bututu da ya riƙe a baki. Ba a goya tukunyar iska kamar yadda masu nutso ke yi, ba ya kuma buƙatar dogon horo, shi ya sa otal-otal na bakin teku ke fara tallata shi ga baƙi. A nan ne yawancin masu yawon buɗe ido ke fara yin ido huɗu da kifin shak.

Yadda kifin yake

Shak dangi ne mai nau'i fiye da 500. Jikinsa ba ƙashi, guringuntsi ne, fatarsa na da kaushi, kuma yana da tsagogin numfashi biyar zuwa bakwai a kowane gefen wuya. Akwai ƙaramin da tsawonsa bai wuce santimita 20 ba, akwai kuma ƙaton nan mai ɗigo-ɗigo wanda ya fi kowane kifi girma a duniya, yakan kai mita 12 har ya zarce, amma ƙananan halittun ruwa kawai yake tacewa ya haɗiye.

Ban da ido da hanci, shak na jin motsin ruwa ta wani layi da ya bi gefen jikinsa. A kewayen hancinsa kuma akwai ƙananan ramuka masu jin 'yar wutar lantarkin da jikin kowace halitta ke fitarwa, waɗanda wani likita ɗan Italiya, Stefano Lorenzini, ya bayyana a 1678. Wannan ne ya sa fantsama ruwa da hannu da ƙafa ke jan hankalinsa: a wurinsa motsin ya yi kama da na kifin da ya ji rauni.

Daga Legas zuwa ruwan murjani

Bahaushen Agege ko Obalende ko Idi-Araba da ya saba fita bakin teku da Sallah bai cika haɗuwa da shak mai rai ba. Gaɓar Legas ba wurin iyon bututu ba ce. Ruwanta gurɓatacce ne da yashi da lakar da koguna ke kwarara wa Mashigin Gini, ga igiyar ruwa mai ƙarfi, kuma babu manyan duwatsun murjani a wannan yanki. Ko a Tarkwa Bay, inda ruwan ya fi kwanciya, ba a ganin ƙasa da nisa. Abin da ke cin rai a bakin tekun Legas shi ne igiyar da ke jan mutum zuwa ciki, kuma ita ya kamata iyaye su fi yi wa yara kashedi a kai. Shak ɗin da ɗan Legas ya fi gani shi ne ƙaramin da ya faɗa komar masunta.

Haɗuwar takan faru ne idan an tafi hutu Zanzibar, ko tsibiran Maldif, ko gaɓar Bahar Maliya a Masar. A can ruwa garau yake, ana hango duwatsun murjani daga sama. Mu da muka san murjani a wuyan amare, ganin sa da rai, kifaye kala-kala na shige da fice a cikinsa, abu ne da ya cancanci tafiyar.

Wanda aka fi cin karo da shi a irin waɗannan wurare shi ne shak mai baƙi a ƙarshen fiffike. Da wuya ya kai mita 2, yana son ruwa marar zurfi, 'ya'yansa ma har kusa da yashin bakin otal suke zuwa a Maldif. Matsoraci ne, da ya ga mutum sai ya kauce. Ɗan'uwansa mai fari a ƙarshen fiffike kuwa yini yake a kwance cikin kogunan murjani, sai dare ya fita farauta. Shi kuma ƙaton mai ɗigo-ɗigo, takanas ake biyan kuɗin kwalekwale a je a yi iyo kusa da shi, kamar a tsibirin Mafia na Tanzaniya daga wajen watan Oktoba zuwa Fabrairu.

Girman haɗarin

Gidan adana tarihin halittu na Jami'ar Filorida a Amurka ne ke riƙe da kundin cizon shak na duniya, wanda aka fara tun 1958. A 2023 ya ƙirga cizo 69 da suka auku ba tare da tsokana ba, mutum 10 suka rasu. A 2024 cizo 47 ne, mutum 4 suka rasu. Wannan a duk duniya ke nan, cikin miliyoyin da ke shiga teku. Mafi yawan munanan raunuka daga nau'i uku suke: babban farin shak, da mai ratsin damisa, da wanda ake kira bijimi. Bijimin na shiga ruwan daɗi, har ma a kudancin Afirka da sunan kogin Zambezi ake kiran sa.

Ƙarancin adadin ba ya nufin a yi sakaci. A Disamban 2010 an yi jerin hare-hare a Sharm al-Shaikh da ke gaɓar Bahar Maliya a Masar, aka raunata masu iyo da dama, wata Bajamushiya ta rasu, hukuma ta rufe gaɓar na wani lokaci. Cikin dalilan da masu bincike suka kawo akwai mushen tumaki da aka zubar a teku daga wani jirgin dakon dabbobi a kakar layya, da kuma ɗabi'ar ba kifaye abinci da hannu. A Yunin 2023 ma mai ratsin damisa ya kashe wani matashi ɗan Rasha a Hurgada, ita ma a Masar. Ciyar da shak don baƙi su ɗauki hoto mummunar sana'a ce, domin tana koya wa kifin cewa inda mutum yake akwai abinci, kuma wanda bai ji ba bai gani ba ne ke biyan kuɗin daga baya.

Idan an haɗu

Abu na farko shi ne natsuwa, kuma shi ne mafi wuya, musamman ga wanda ya tashi da tsoron kada a kogi. Shi kada kwanton ɓauna yake yi wa abin da ya zo bakin ruwa. Shak ɗin murjani yawanci wucewa yake yi, ko ya zagayo ya duba ya tafi. A daina buga ruwa, a ci gaba da kallon sa, a juya duk inda ya juya, a matsa kusa da 'yan'uwa, sannan a koma wajen kwalekwale a hankali. Ba a taɓa shi, ba a bin sa, ba a tare masa hanya. Idan aka ga ya gantsare baya, ya saukar da fiffiken gefe yana lanƙwasa jiki, gargaɗi yake yi, sai a ba shi wuri.

Rigakafin ya fi sauƙi. Kada a shiga ruwa da asuba ko da magariba, lokacin farauta ke nan, haka kusa da masu kamun kifi, ko bakin kogi inda ruwa ya gurɓace. Mata su cire sarƙa da awarwaro, maza su cire agogo, domin ƙyallinsu na kama da ɓawon kifi. Wanda bai ƙware da iyo ba ya sa rigar da ke hana nutsewa, ya kuma faɗa wa ɗan jagora gaskiya tun a kan tudu. Jin kunyar cewa ban iya ba ya fi shak haɗari. In har ya kawo cizo, a doke shi a ido ko tsagogin numfashi, a fita daga ruwa, a danne raunin da ƙarfi, domin zubar jini ce ke kisa.

Halin da kifin ke ciki

Wani bincike na 2013 ya ƙiyasta cewa ana kashe shak kusan miliyan 100 a shekara, don nama da kuma fiffiken da ake miya da shi a gabashin Asiya. Wani da mujallar Nature ta buga a 2021 ya nuna cewa shak da danginsa na tsakiyar teku sun ragu da kashi 71 cikin 100 tun daga 1970. Shak ba ya saurin balaga, 'ya'yansa kuma kaɗan ne, don haka ba ya mayar da gurbi da wuri. Ƙasar Palau ta haramta kamun sa a ruwanta a 2009, Maldif ta bi sahu a 2010, Bahamas a 2011.