Dayilektiroforesis

Dayilektiroforesis hanya ce ta motsa ƙwayoyin halitta da ƙananan ɓurɓushi a cikin ruwa ta amfani da filin lantarki (wato yankin da wutar lantarki ke ja ko tura abu a cikinsa) wanda ƙarfinsa bai zama ɗaya a ko'ina ba. Da ita ake ware ƙwaya mai rai daga matacciya, ko mai cuta daga lafiyayya, ba tare da an shafa musu rini ko wani sinadarin shaida ba. Masanin kimiyya ɗan Amurka Herbert Pohl ne ya raɗa mata suna a 1951.

Tana da 'yar'uwa da ta girme ta, wato ilektiroforesis. Tun 1807 Ferdinand Reuss ya lura a birnin Mosko cewa ɓurɓushin yumɓu na tafiya a cikin ruwa idan aka saka masa wuta, daga baya Arne Tiselius na Suwidin ya yi amfani da wannan wajen raba sinadaran furotin na jini, ya kuma samu lambar yabo ta Nobel a 1948. Sai dai waccan hanyar ba ta aiki sai abin da za a motsa yana ɗauke da cajin kansa. Dayilektiroforesis kuwa ba ta da wannan sharaɗi.

Idan ƙwaya ta shiga filin lantarki, cajin da ke cikinta yakan rabu biyu, kowane iri ya taru a gefe guda. In ƙarfin filin ɗaya ne a ko'ina, jan da ake yi wa gefen nan daidai yake da na wancan, sai ƙwayar ta tsaya cak. In kuwa wani ɓangare ya fi ƙarfi, misali kusa da bakin siririn ƙarfen da ke kawo wutar, ja ɗaya zai rinjayi ɗaya, ƙwayar ta motsa. Abin da ke faruwa ke nan idan yaro ya goga biro a gashinsa ya ɗauki guntayen takarda da shi: takardar ba ta da caji, amma ta taso.

Inda ƙwayar za ta nufa ya danganta da ita da kuma ruwan da take ciki. Idan cajinta ya fi na ruwan saurin rabuwa, takan tafi inda filin ya fi ƙarfi, ta manne a bakin ƙarfen. Idan ruwan ne ya fi ta, sai a ture ta zuwa inda filin ya yi rauni. Girma ma yana da tasiri sosai, domin idan faɗin ƙwaya ya ninka biyu, ƙarfin da ke janta yakan ninka takwas.

A nan ne gwanintar take. Galibi da wuta mai kai-komo ake aiki, wadda ke sauya alkibla sau dubbai zuwa miliyoyi a daƙiƙa guda. Tantanin da ya lulluɓe ƙwaya mai rai ba ya barin wuta ta ratsa cikin sauƙi, saboda haka idan kai-komon a hankali yake, sai a ture ƙwayar. Da an ƙara sauri, filin ya ratsa tantanin ya isa ruwan gishirin da ke ciki, sai ta juya ta nufi ƙarfen. Tsakanin biyun akwai wani mataki da ƙwayar ba ta gaba ba ta baya, kuma kowane irin ƙwaya da nasa matakin. Mai bincike yakan saita wutar tsakanin matakan iri biyu, ɗaya ya manne, ruwa ya wanke ɗayan. Matacciyar ƙwaya tantaninta ya huje, abin da ke ciki ya tsiyaye, shi ya sa halinta ya sha bamban. Da haka Pohl da Ira Hawk suka raba yisti mai rai da matacce a 1966.

Aikin bai bunƙasa ba sai da aka iya zana ƙarafa sirara a kan gilashi da fasahar ƙera kayan kwamfuta. Idan tazarar ƙarafan ba ta kai kaurin gashi ba, 'yar wuta kaɗan ta isa ta samar da fili mai ƙarfi. A 1995 ayarin Peter Gascoyne a cibiyar MD Anderson ta birnin Houston ya nuna ana iya tsame ƙwayoyin sankarar mama daga jini. Gascoyne ɗin dai, tare da masu bincike a Tailan, ya ware jajayen ƙwayoyin jini da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta shiga, domin cutar tana sauya tantaninsu. Kamfanin Silicon Biosystems na Bologna a Italiya ya ƙera na'urar DEPArray, mai killace ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya ta fitar da wadda ake so.

Duk da haka, hanyar ta fi yawa a ɗakunan bincike fiye da asibitoci, kuma dalilan a fili suke. Jini yana da gishiri, wuta na ratsa shi sosai, sai ya yi zafi ya cutar da ƙwayoyin. Dole a fara mayar da su cikin ruwan sukari mai ƙarancin gishiri, wanda ƙarin aiki ne. Ƙarfin jan kuma ba ya nisa daga ƙarfen, don haka ruwa ƙalilan ake iya tacewa a lokaci guda, alhali ƙwayoyin sankara da ake nema 'yan tsiraru ne a cikin biliyoyin ƙwayoyin jini.